Yadda Aka Yi Kaffara da Innata

Da innata aka yi kaffarar azumin wani mutum. Haka nake faɗarsa, don haka ya faru. Wanda ya ga dama ya gyara mini baki ya ce an 'yanta ta saboda Allah, to ya gyara, shi ma bai yi ƙarya ba.

A rinji aka haife ni, kudu da Maiyama, ƙauyen bayi masu noma gandun wani attajiri. Shi attajirin a Jega yake zaune yana fataucin goro da gishiri, ba ma ganinsa sai da kaka in ya zo duba rumbunansa. Ni da Inna duk nasa ne. Ubana ya daɗe da rasuwa, kuma lokacin da wannan abu ya faru ni ba yaro ba ne, ina da mata da 'ya'ya biyu ƙanana.

Zaman rinji yana da ƙa'idarsa. Da safe mu shiga gandu, mu tashi bayan azahar, sauran yinin kowa ya tafi gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa ya noma wa kansa. Hatsin ci kuwa daga rumbun gandu ake auno shi. Tsoho ba a korarsa, amma ranar da aka gane ba ka iya aiki, awonka ya koma rabi. Saboda haka a rinjinmu ba mai ciwo. Mai ciwon baya ya ce kwanciya ce ta yi masa ba daidai ba, mai tari ya ce hayaƙi ne. Na ga tsohon da haƙoransa suka zube yana ta motsa baki gaban sarkin gandu, mai kula da aikinmu da awonmu, kamar mai tauna goro, don kada a ce ya tsufa.

Aikin Inna shi ne daka da dama furar masu noma. Yanar ido ta fara rufe mata gani tun ina saurayi, a hankali a hankali, har ya zama ba ta ganin komai sai bambancin rana da inuwa. Mu uku muka sani, ni da ita da matata. Rinjin nan kuwa da ƙafa ta san shi. Ta san inda turmi yake, ta san tushen da ke hanyar rijiya, ta san kowace ƙwarya da jin bakinta. In baƙo ya shigo, matata ta gaishe shi da ƙarfi don Inna ta san inda za ta juya fuska. In za mu wani wuri, ni ne a gaba ina jan takalmi a ƙasa, tana bin ƙarar. Ban taɓa ganin laifin wannan ba, har yau kuma ban gani ba. Awonta muke karewa.

Sai Nasara suka ci ƙasa. Ba su zo rinjinmu suka ce kun zama 'ya'ya masu 'yanci ba, kada wani ya ruɗe ku. Abin da suka hana shi ne saye da sayarwa. Gefen kasuwar Jega inda ake zaunar da mutane a duba haƙoransu, masu tukwane suka gaje shi. Samari da yawa suka sulale suka bar rinji. Mu muka zauna, don Inna ba ta san garin da aka kamo ta ba, ni kuma ban san ko'ina ba sai nan. Abin da ban yi tunani ba a lokacin shi ne, bawan da ba ya sayuwa, in ya tsufa, baki ne kawai a wurin mai shi.

A wata damina mai ƙarancin ruwa, maigidanmu ya karya azumi da rana tsaka, yana zaune a gidansa lafiya lau. Wasu suka ce ruwa ya sha. Matan rinji suka ce ina ruwa, mutumin da ya yi sabuwar amarya. Ni dai ban gani ba. Malaminsa ya shimfiɗa masa hanya uku: ko ya yi azumin wata biyu a jere, ko ya ciyar da miskinai sittin, ko ya 'yanta wuya, wato bawa guda. Mutumin da ya kasa kai yini ɗaya ba za a yi maganar wata biyu da shi ba. Hatsi kuma kowa ya ga alamar zai yi tsada. Bayan salla sai ga saƙo, a kawo tsohuwa mai fura Jega.

Na kai ta. Zauren cike yake da shaidu. Inna ta shiga tana bin ƙarar takalmina, ta durƙusa daidai gaban maigida kamar ta auna wurin da igiya. Ya ce, “Na ɗiyauta ki don Allah. Daga yau kin zama ɗiya, ba mai iko da ke.” Aka yanka rago kamar na suna, aka raɗa mata sabon suna wanda har ta mutu ba ta saba amsawa ba. Aka miƙo sabon zane da mayafi. Na ɗan yi gyaran murya ta dama, ta miƙa hannu dama ta karɓa. Malam ya yi addu'a, ya ce kaffara ta cika. Ya ƙara da bayani ga jama'a cewa wanda ya 'yanta bawa, kowace gaɓa ta bawan tana fansar irin wannan gaɓa ta mai 'yantawa daga wuta, hannu da hannu, ƙafa da ƙafa.

Wannan maganar ce ta shiga Inna. A hanyar komawa, wajen Dangamaji, ta sa na tsayar da jaki. Ta buɗe tafin hannunta, wanda taɓarya ta mayar kamar busasshiyar fata, tana shafa shi da ɗaya hannun.

“Ɗan nan, ka ji abin da malam yac ce? Wanga hannu nau ya hidda hannun mutum daga wuta. Ba rago anka ba Allah ba, ba hatsi ba. Ni anka ba shi, kuma ya amsa.”

Na ce, “Na jiya, Inna.”

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Matar da tun tana yarinya ba a taɓa kiranta sai don a aike ta ba, yau ta ji an ce tana da daraja a can sama. Na yi murna, wallahi na yi, har da hawaye.

Murnar ta kai mu rinji, can ta tsaya. Sarkin gandu, wanda shi ma bawa ne kamarmu, ya same ni yana sunkuyar da kai ya ce an aiko masa. Ɗiya ba ta cin rumbun gandu. Gayaunarta ma ta koma cikin gonar maigida. Ɗaki dai ba a hana ta ba. Na tsaya ina kallonsa, sai a lokacin na gane dalilin da ya sa aka tsallake ƙartin rinji duka aka zaɓi tsohuwa. Na yi zage-zage ranar har matata ta toshe mini baki. Inna kuwa ko a jikinta. Ta ce, “Bari hushi. Wanda anka ba Allah, Allah ka ci da shi.”

Ta kama ibada kamar mai biyan abin da ya wuce. Da can salla a tsaitsaye take yinta, tsakanin turmi da murhu, Fatiha kawai ta iya. Yanzu ta sa wata mata ta koya mata tahiya da gajerun surori, tana rufa da mayafinta ko da bayan ɗaki za ta. Tana zama kan buzu tun la'asar har magariba. Mu kuma muna raba abin da gayaunata ta ba da, baki biyar a kan noman mutum ɗaya, a shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe.

Na kai ta masussukai a Maiyama neman zakka, tunda yanzu ta cancanta. Da, in an yi kaka, manomi ya fitar da damin zakka, a tara, a raba wa irin su Inna. Yanzu duk wanda muka tsaya gabansa sai ya ce mutanen hakimi sun riga sun zo, Nasara sun haɗe zakka cikin haraji, ya sayar da hatsin ya biya. Ban ce ƙarya suke ba. Masu tsoron Allah a cikinsu sukan ɗebo da hannu su zuba mata a ƙwarya suna ba da haƙuri. Kafin bazara ta tsaya sosai, ƙaramin ɗana ya daina kuka, sai dai ya kwanta yana kallon mutane. Inna ta ji shirunsa. Ita da kanta ta ce in kai ta Aliero.

Aliero garin maɗora ne. Duk wanda ya karye, daga nesa ko kusa, can ake kai shi, ya yi makonni kwance a rumfa da karan ɗori a ƙafa, danginsa suna masa girki a gefe. Mai jinya kuwa hannunsa a sake yake, don yana neman abu wurin Allah. Wata tsohuwa a gidan wani maɗori ta yarda Inna ta riƙa kwana a ɗakinta, da rana kuma ta zauna gindin tsamiyar ƙofar gida. Farkon zuwanta albasa kawai take samu. Mutanen Aliero akwai kyautar albasa, tunda ba a fitar mata da zakka sai su huce a sadaka. Na taɓa zuwa na tarar da ita da tulin albasa a gaba, ba ko ƙwayar gero, tana dariya tana cewa ko aljani ba ya kusantarta yanzu.

Sannu a hankali labarinta ya zaga rumfunan. Ita ce take ba da shi, don ba ta gajiya da faɗa. Matan masu jinya suka fara cewa, ai wannan tsohuwa an ba Allah ita ya karɓa, bakinta ba zai faɗi ƙasa ba. Sai a kawo mata tuwo, a ja hannunta a ɗora kan karan ɗori ta yi addu'a. Ƙashi kuwa da ma haɗewa yake yi, maɗoran sun san aikinsu. In mutum ya tashi ya taka, a ce maɗori da tsohuwa. Inna ta yi kumatu. In na samu sarkin gandu ya bar ni na je, sai ta kwance bakin zane ta ba ni tsabar da ta tara wa jikokinta. Da wannan tsabar ɗana ya tashi zaune.

Ba ta ɗauki abin wasa ba. Kowane mai karaya ta san muryarsa da inda ya karye, tana bin su ɗaya bayan ɗaya a addu'arta. Duk rayuwarta ban ga lokacin da ta ƙoshi ta kuma san amfanin kanta kamar waɗannan watanni ba. Cinta da imaninta duk a kan abu guda suka tsaya, cewa an ba da ita kuma an karɓa.

Sai aka kawo wani malami daga wajen Gwandu, doki ya kayar da shi ya karye a cinya. Na yi shekaru ina neman laifin mutumin nan don in samu wanda zan tsana, ban samu ba. Dattijo ne mai sanyin magana, abincinsa ma rabawa yake. Wata la'asar ina nan, ya sa aka kawo masa Inna, ya ce yana son jin labarin daga bakinta. Ta zauna bakin tabarmarsa ta fara. Da ta zo wurin zaure sai daɗin hira ya ɗebe ta, ta ba shi har da abin da ba ta saba faɗa ba, yadda ta bi ƙarar takalmi, yadda na yi gyaran murya ta miƙa hannu dama. Tana faɗa tana dariya, matan da ke kusa suna taya ta.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, “Inna, ran da anka ɗiyauta ki, ba ki gani ko kaɗan?”

“Ko kaɗan, Allah shi gahwarta malam. Rana da inuwa ɗai. Amma ba wanda yag gane.”

Ya ci gaba da jan tasbaha. Na ga yana son ya haɗiye maganar, na kuma ga ba zai iya ba, don a wurinsa akwai mutum can Jega da ke yawo da azumi a wuya bai sani ba. Ya kira ni kusa ya rage murya. Amma rumfunan jinya tabarma na taɓa tabarma, Inna kuma kunnenta ya gaji idonta.

Ya ce, “Ɗiyaucinta ya tabbata, wanga ba mai taɓa shi. Amma makaho ba shi isa kaffara. Sai wuya lahiyayye. Ka tahi ka gaya ma maigidanku shi sake.”

Inna ta ce, “Malam, ba a amsa ba ke nan?”

Ya ce, “Allah shi na masani, Inna, kuma ladar haƙurinki tana nan. Ni abin da littahi yac ce nika hwaɗi.”

Ta ɗaga hannu ta taɓa idonta, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Gaskiya ta. Hannu da hannu, ƙahwa da ƙahwa. To ido da mi?” Ta ce in kai ta gindin tsamiya.

Ba a kore ta ba, ba a kuma zage ta ba. Kawai shekarar yunwa ce, kowace mace ludayi ɗaya take iya fitarwa, kuma tana son ta sa shi inda take da tabbas. Masu zuwa jan hannunta suka ragu, sannan suka ƙare. Ita ma ko an zo ba ta miƙa hannun. Ta ce kada ta ɓata wa mutane ƙashi. Salla ba ta bari ba, amma da ta sallame sai ta naɗe buzu, ba ta ƙara zama roƙon komai.

Ni kuwa, da wautata, sai na ga wata ƙofa. Na ce tunda ba a karɓa ba, ai sai a mayar da komai inda yake, a mayar mata da awonta ko da rabin ne. Ku dubi inda yunwa take kai mutum, ɗa ya tashi takanas ya je roƙon a mayar da uwarsa baiwa. Na tafi Jega da wannan a raina.

Maigida ya saurare ni har na gama. Na zuba ido a fuskarsa ina neman mamaki lokacin da na ce Inna makauniya ce, ban ga ko ɗigo ba. Abin da ya dame shi shi ne maganar ta fita. Ya aika aka kira malaminsa, suka yi ƙus-ƙus, malamin ya ce haka ne, shi ba a gaya masa ba.

Na ce, “Baba, to a maishe ta ga awonta.”

Ya ce, “Kai, ɗiyauci ba a maishe shi. Ko ni so, shari'a ba ta bari, balle ga Nasara. Ka kyauta da kaz zo ka gaya mani, Allah shi yi maka albarka.” Ya ba ni goro.

Ranar Juma'a ya fitar da hatsin miskinai sittin, yana tsaki saboda tsada. Kowa mudun Annabi ɗaya, ɗan awon nan da bai wuce cikin tafi biyu ba. An tara mutane a ƙofar gida ana zuba musu. Ina tsaye gefe, sai ya hango ni ya yafito ni. Ya ce, “Tsohuwa ma ai miskiniya ta. A auna nata, ka tahi mata da shi.” Aka auna. A cikin hulata na ɗauko shi, bai ma cika ta ba.

Na tarar da Inna gindin tsamiya ba mayafi, ta ninke shi ta ajiye a gefe. Na gaya mata yadda muka yi, ban rage komai ba, don ta gaji da a ɓoye abu saboda ita. Na juye geron a cinyarta. Ta daɗe tana wasa da shi da yatsu.

Ta ce, “Wanga na kaffara tai?”

Na ce, “Shi na, Inna.”

“To ka tambayo mani. Makauniya ta isa ci? Kar in ci in sake ɓata mai.”

Malamin Gwandu ya riga ya warke ya tafi. Na je wurin limamin unguwa, ya ce ta isa mana, ai ita ta fi kowa cancanta. Na tambayi wani a Maiyama, shi ma haka. Na dawo na gaya mata. Ta gyaɗa kai ta ce, “Hakanan wancan malam ma yac ce cikin zaure.” Ta ƙulle geron a bakin mayafin.

Na mayar da ita rinji, don tsohuwar da ke ba ta wurin kwana ita ma abin ya fi ƙarfinta. Ruwa ya sauka, muka yi shuka da irin da muka roƙo. Inna takan karɓi ɗan abin da matata ta dafa, ta taɓa kaɗan ta tura wa yara. Na yi lallashi, na yi faɗa, na rantse mata da Allah cewa geron nan halalinta ne. Sai ta ce ta ji, gobe. Ba ta kai sabon gero ba.

Da mata suka zo yi mata wanka suka ɗaga mayafin, ƙullin yana nan yadda ta ɗaure shi. Washegari matata ta kwance, ta surfa, ta dama wa yara kunu, don ba mu da wani abu a ɗaki. Ni ma na sha.